Kalmar Sirrin Salmanu

Ƙarfe huɗu na ranar Alhamis za a rufe rajistar jarrabawar kammala sakandare, ni kuwa har ƙarfe biyu ban shigar da ko ɗalibi ɗaya ba. Su talatin da ɗaya ne, rabinsu 'yan ƙauyen Randagi da suka gudo cikin gari da iyayensu. Na san in suka rasa bana, wasunsu sun yi sallama da aji ke nan.

Ni ce shugabar makarantar, amma ni da kwamfuta sai kallo. Aikin ƙanena Salmanu ne, shi ke yi mana rajista duk shekara. Ranar kwanansa goma sha tara a daji, tun da aka tare motarsu a hanyar Kaduna.

Duk sanda na buɗe shafin rajistar, sai kwamfutar ta ce ba ta yarda da shi ba. Na kira Gabriel na ofishin jarrabawa, damo sarkin haƙuri.

"Madam, ba wuya," ya ce. "Na turo miki satifiket ɗin tsaro. Ki sa shi cikin waɗanda kwamfutar ta amince da su, shafin zai buɗe."

Na bi shi daki-daki, har muka kai matakin ƙarshe. Nan ta nemi kalmar sirrin mai ita. Na gwada sunan Innarmu, na gwada shekarar haihuwarsa, har ƙungiyar ƙwallon da yake haukan so. Ko gezau.

"Ko in nemi wata kwamfutar?"

"Da wannan aka ɗaure rajistarku, Madam. Sai dai wanda ya sa kalmar."

Uku da kwata wayata ta yi ƙara. Lambar mutanen daji ce. Tun da suka ɗauke shi ba su taɓa bari mun ji muryarsa ba.

"Ga ɗan'uwanki," in ji wani. "Minti ɗaya."

"Yaya Huseina?"

Muryar ta shaƙe kamar ta tsoho. Kwana goma sha tara ina tara abin da zan faɗa masa. Idona na kan agogon bango, sai na ji bakina ya ce, "Salmanu, mece ce kalmar sirrin kwamfuta?"

Sai ya faɗa mini harafi bayan harafi, a hankali, yadda yake yi wa 'yan aji ɗaya. Ya maimaita don kada in yi kuskure.

"Kin rubuta? To, ki ce wa Inna..."

Aka katse.

Na buga kalmar. Kwamfutar ta tambaya ko na amince da satifiket ɗin, na ce na amince. Huɗu saura minti takwas na shigar da ɗalibi na ƙarshe. Malamai suna ta yi mini barka, ni kuwa ji nake kamar in haɗiyi zuciya.

A gida Inna ta riƙe mini hannu. "Yana samun abinci? Ƙafar tasa mai ciwo fa? Me ya ce a faɗa mini?"

"Ban tambaye shi ba, Inna."

Ba ta yi faɗa ba. Sakin hannuna kawai ta yi.

Yaran sun rubuta jarrabawarsu, har sakamako ya fito. Lambar nan yau wata biyar a kashe. Kullum da safe ina buga kalmar da ya ba ni, kwamfutar ta buɗe, ta yi mini maraba da sunansa.