Dusar Fara

Tun kafin damina ta yi nisa rumbun Tahiru ya ƙare ƙaf, kuma a zatonsa ba wanda ya sani daga shi sai Allah.

A ƙauyensu, can wajen Dakusa, mace ba ta leƙa rumbun miji. Uwarta ba ta yi ba, kakarta ba ta yi ba. Maigida ne ke kafa tsani da safe, ya ɗaga jinka, ya sauko da abin da za a daka, ba mai tambayarsa saura nawa. Wadda ta leƙa, cewa ake ta tona asirin mijinta. To Tahiru ya riƙe wannan al'ada hannu bibbiyu, don ita kaɗai ta rage masa. Ya je ƙwadago gonar masu hali, a sallame shi da ɗan hatsi, ya ƙunso a riga, ya faki ido ya jefa cikin rumbu. Gari na wayewa ya hau yana gyaran murya, ya sauko da shi ya miƙa wa matarsa Ramlatu kamar wanda ya ɗebo daga dami ɗari. Ita kuwa ta durƙusa ta karɓa, ta ce Allah ya ƙara buɗi. Girman kan talaka ma abin kallo ne, wallahi.

Daminar nan ce ake ta maganar ƙuri'a da 'yancin kai a Damagaram. Mutanen ƙauye kuwa abin da ke gabansu fara. Ta yi ƙwai a arewa, 'ya'yanta sun ƙyanƙyashe, suna tahowa da tsalle, hatsi bai ko fidda kai ba.

Ran nan da hantsi kamyo, babbar motar kaya ta hukuma, ya tsaya ƙofar gidan mai gari. Malamin gona ne ya zo da shi, wani Babarbare ɗan birni, sunansa Bukar. Aka sauke buhuna, aka kwance bakin ɗaya, sai ga dusa. Dusa fa, mai kyau, a garin da ake kwana da tafasa ba gishiri. Wani tsoho ya ce ashe fara ta fi su gata wurin Nasara, aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Bukar bai yi dariya ba. Ya ce, "An cuɗa ta da guba. Ranar da 'ya'yan fara suka iso gonakinku, ku warwatsa musu da sanyin safiya. Ba a ajiye ta kusa da abinci, ko dabba, ko yaro. Kowa ya tara matan gidansa ya nuna musu, su shinshina, su san warinta. Kun ji ko? Ku nuna musu."

Aka ba kowane magidanci rabin buhu. Tahiru ya saɓa nasa yana tunanin maɓoya. Ɗaki akwai yara, Barira da ƙanenta Illa, masu hannu kamar ɓera. Zaure akwai awakin maƙwabta. Wuri ɗaya ne a gidan da ba mai taɓawa, kuma ba ƙwayar abinci a ciki balle ta gurɓata. Ya jira Ramlatu ta tafi rijiya, ya hau ya zura buhun cikin rumbu.

Faɗa mata fa? Ya auna, ya ga ba ta ɓullewa. In ya ce guba na rumbu, za ta ce a bisa hatsi? Daga nan kuwa sai gaskiya ta fito. Ya ce a ransa, wadda ba ta hawa, me za a faɗa mata.

Bayan kwana biyu gardi, ɗan sandan Nasara, ya zo tattara maza, za a kai su wajen Tirmini haƙa ramukan tare fara. Kwana uku, in ji shi. Tahiru ya juye wa Ramlatu duk abin da ya mallaka a ƙwarya, awon kwana uku cif. Ya ɗauki hauya ya kai bakin zaure, ya tsaya.

"Ramlatu."

"Na'am, Malam."

Ya buɗe baki zai faɗa mata. Ya dubi mahaifiyarsa Inno tana kaɗi a inuwa, ya dubi yara, ya ce, "Ki kula da gida."

Kwana uku na hukuma, kowa ya san tsawonsu. Aka yi huɗu, aka yi shida, fara kamar ana ƙara ta. Tahiru na haƙa yana lissafi. Ramlatu mai tattali ce, awon uku za ta ja shi ya kai biyar. Bayan nan akwai tafasa, akwai yaɗiya. Kuma ba za ta hau ba, shekara goma sha ɗaya ko inuwar tsanin ba ta taka ba. Sai kuma ya tuna yadda Illa ke kuka in yunwa ta ci shi, hauyar ta yi masa nauyi. Tsoro ya hana shi cin ɗan tuwon da ake raba musu.

Safiyar kwana na takwas ya sami Bukar a gindin gawo yana wanke hannu. Abin da ya kasa faɗa wa matarsa sai ga shi yana zayyana wa baƙo, tiryan-tiryan, har da ƙwadagon.

Bukar ya miƙe tsaye. "Ba ka nuna mata ba?"

"Ban nuna ba, Malam."

"Kuma abincin kwana uku ka bari." Ya girgiza kai. "Aje hauyar nan ka kama hanya. Gardi ka bar ni da shi."

Tahiru ya yanki daji, gudu-gudu sauri-sauri, ƙaya ta cinye masa takalmi bai tsaya ba. Duk addu'ar da ya iya ya karanta, kuma duk a kan yaran nan biyu. La'asar sakaliya ya hango ƙauye. Ya hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidansa, maza zaune jugum. Bai yi wa kowa sallama ba, ya kutsa cikin gida.

Ga Barira zaune, ga Illa a cinyarta yana tsotsar yatsa. Ya ƙirga su da ido, biyu, ya sake ƙirgawa. Wani sanyi ya sauka a ransa, har ya ce alhamdulillahi a fili. Sai ya ga matan unguwa cike da tsakar gida, kowacce ta sunkuyar da kai, kuma wadda yake nema ba ta cikinsu.

Inno ta kama hannunsa ta ja shi ɗakinta. Da hantsi aka kai Ramlatu makwancinta, in ji ta.

"Zauna, ɗan nan, ka ji da kunnenka. Hatsi ya ƙare ran na biyar. Kwana biyu ganye muke ci, har yaron nan ya bar kuka, sai dai ya kwanta yana kallon mutum. Jiya ta kafa tsani. Na ce ke, ta ce Inna ku yi haƙuri. Ta sauko da dusa tana murna. Da ta ji wari, ta ce daɗewa ce. Ta jiƙa ta, ta tsiyaye, ta wanke sau uku yadda ake wa anza don ɗaci ya fita, ta dama kunu. Yara sun miƙo ƙoƙuna, ta hana su. Ta ce bari ta fara sha, in azahar ta yi ba ta ji kome ba, sai a ba kowa. Ludayi ɗaya ta ce ba ya nuna gaskiya, ta cika ƙoƙo ta shanye."

Tahiru ya dafe kai. Hawaye na zuba, bai ko share ba.

"Kafin azahar ta fara murƙususu. Da rarrafe ta ja tukunyar bayan gida ta kife a rami, ta tura ƙasa. Mun ba ta madara, mun ba ta rubutu. Ta wahala, ɗan nan, ba zan ɓoye maka ba."

"Inno, ni na kashe ta. Kalma ɗaya ce. Don kada ta san rumbun ba kome."

Tsohuwar ta dube shi, ta ce:

"Ta sani tun farkon damina. Mai daka ba ta san hatsin gidanta ba? Yau ka sauko da na jigawa, gobe na fadama. Ita ta hana ni yi maka magana, ta ce a bar ka da mutuncinka. Jiya ma da harshenta ya fara nauyi, abin da ta roƙe ni ke nan. Ta ce in mayar da tsani inda ka bar shi, in ce maka ciwon ciki ne, kada ka ji kunya ta ga cikin rumbunka. Na ce mata to, don ranta ya kwanta."

Inno ta gyara mayafinta.

"Tsanin na mayar. Sauran kuwa ban iya ba."