Amaryar da Jirgi Ya Jira

Tun ranar da ƙaramin jirgin nan ya ɗaga hanci, ya karkata, ya koma ya kwanta cikin dusar ƙanƙara a ƙarshen titinsa, Gulizar ba ta ƙara cin abinci da daɗi ba. Ba wanda ya mutu, sai karaya da kuka. Amma masu bincike sun ce ƙanƙara ce ta daskare a fukafukan, kuma ɗanta Rustem ne mai fesa musu ruwan maganin da ke narkar da ita. Gari ya ɗauka: wai ya surka maganin da ruwan famfo. Har an ce ya zauna gida tukuna.

"Inna, wallahi na wanke shi tas," in ji Rustem. "Amma maganin ba ya daɗewa. In jirgi ya tsaya dusa na zuba, sai ta sake kamawa. Ni ina gamawa na shige ɗaki jin ɗumi, ban san me ya zaunar da su ba."

To, Gulizar dai ba a banza ta tsufa ba. Ta lura maƙwabciyarta Shukriye, wadda bakinta ba ya hutawa, ta yi tsit kwana biyu. Ga shi 'yar Shukriyen, Nevin, amarya, tana cikin jirgin, matuƙin kuma ɗan yayar Shukriyen ne. Hmm.

Gulizar ta naɗe burodi mai zafi ta tafi yi wa Shukriye jaje. Aka zuba shayi, kowacce ta saƙala ƙwayar sukari a kumatu.

"Ni abin da ya ba ni haushi, 'yar'uwa," Gulizar ta ce tana hura kofi, "ana ta yawo da ku, wai kun tura yarinya gidan miji kamar buhun dankali. Ba sumbatar hannun manya, ba a ko zuba ruwa bayanta don ta dawo lafiya ba."

Shukriye ta dire kofi. "Wace maƙaryaciyar ce? Hannun kowa sai da ta sumbata, har kakanta kurma! Da na ga mun manta butar ruwan, na aika a ce wa yaron nan matuƙi kada ya kuskura ya motsa. Gida aka koma aka ɗauko. Jirgi guda ya tsaya jiran 'yata, dusa na zuba, kowa na zaune ciki!"

"Bayan an wanke shi?"

"Tuni ma an..." Sai sukarin ya sarƙe ta.

Gulizar ta shanye shayinta a natse, ta yaba labulen ɗakin, ta ɗaura ɗankwali.

"Ina zuwa, ba ki ci komai ba?" in ji Shukriye.

"Masu binciken nan baƙi ne, 'yar'uwa, ba wanda ya kai musu ko shayi. Tashi ki saka takalmi. Kin fi ni iya ba da labari."