Husufin Dakta Hayatu

Hayatu bai taɓa shiga ajin likitanci ba, amma tun da ya buɗe kemis a Kasuwar Daji ya ɗinka farar riga, sai ya zama Dakta. Kullum rediyo na manne da kunnensa, abin da ya ji da safe shi zai sayar wa majalisa da yamma: yau masana sun hango wata duniya bayan ta tara, gobe an gano sauro ya fi son mai warin ƙafa.

Ƙanwarsa Saudat ma tana jin rediyon, daga madafa. Ita dai ba ta da riga.

Abin da ya dame ta idon mahaifiyarsu ne, Inna Ladidi. Yana ce ta rufe shi har ba ta bambance akuya da tulu. Ga likitocin ido sun sauka Ƙaura Namoda suna aiki kyauta, ranar Laraba da azahar za su rufe rajista. Kuma tun zuwan shari'a ba ɗan kabu-kabun da zai ɗauki mace. Babur ɗin Hayatu kaɗai ya halatta.

"Wuƙa tsohon yayi ce," in ji Hayatu. "Binciken zamani ya nuna ɗigon da nike sa mata shi ka narkar da yana."

"Wata nawa ke nan, Yaya?"

"Bincike ba ya son gaggawa. Kuma Laraba ina da husufi."

Haka ya faɗa, kamar shi ya yi odarsa. Ya riga ya shelanta wa gari cewa ƙarfe tara da rabi daidai rana za ta mutu, kowa ya zo ƙofar kemis a yi masa bayani.

Saudat ta ji sanarwar ita ma. Tara da rabi agogon GMT aka ce, wato goma da rabi a nan. Ta buɗe baki, sai ta dubi Inna tana lalubar buta, ta mayar da shi ta rufe.

Ranar Laraba ta yi wa Inna wanka, ta ɗaura mata sabon zane, suka zauna a zaure.

"Ina za mu?" in ji Inna.

"Asibiti. Dakta na zuwa."

A ƙofar kemis kuwa mahauta sun bar nama, masu awo sun kife tiya. Hayatu ya hau benci da lemo a hannun dama, ƙwai a hagu, yana nuna yadda wata zai gifta. Tara da rabi ta yi. Rana ƙwal. Goma saura kwata, ta ƙara zafi.

Dogo mahauci ya ce, "Dakta, ko ita ma ɗigon za ka sa mata?"

Dariya ta ɓarke. Hayatu ya ajiye lemo da ƙwai, ya duba agogo, ya girgiza shi, ya ce yana da mara lafiya na gaggawa. Bai tsaya ɗaukar ƙwan ba.

Sai ga shi a zaure. "Inna, tashi mu tai asibiti. Na sake nazari."

Suka hau babur su uku, Inna a tsakiya. Bai tambayi yadda aka yi suka shirya ba.

Wajen Sakajiki haske ya fara yin ja-ja, iska ta yi sanyi, shanu suka juya suka nufi gida. Can sai duhu ya rufo. Hayatu ya taka burki.

"Ga shi! Wallahi ga shi! Mu koma, Dogo ya maimaita abin da ya ce!"

Ya fara juya kan babur. Sai Inna ta ƙwalla salati ta damƙe masa riga.

"Hayatu, ka kashe min ido! Da ina ganin fari-fari, yanzu baƙi ƙirin! Ɗigon nan naka ne!"

"Inna, husufi na! Kowa ba ya gani!"

"Husufin da kac ce tara da rabi? Saudatu, ƙarfe nawa?"

"Goma da rabi ta gota, Inna."

"To ka ji."

"Saudat, gaya mata gaskiya mana!"

"Ni mi na sani, Yaya? Ban da riga."

Ko da rana ta dawo, Inna ta ƙi buɗe ido, ta ce ba za ta buɗe shi ba sai gaban likita na gaske, kuma in ya juya babur ɗin nan ba ta yafe nono ba. Hayatu ya dubi hanyar gida, inda ake ta kabbara ba shi, ya ta da babur ya nufi Ƙaura.

Ita ce ta uku daga ƙarshe a rajista.

A gari kuwa magana ta zauna cewa Liman ne ya dawo da rana da raka'a biyu, Dakta kuma ya gudu tun kafin abin ya zo.

Da aka kwance wa Inna bandeji, ta ƙifta ido, ta dubi ɗanta daga sama har ƙasa.

"Wagga ita ce farar rigar?"

"Ita ce, Inna."

"Tuɓe a wanke."