Ƙuri'ar Ɗaga Hannu a Masaƙa

An kori Dogo daga masaƙa saboda ya kashe injin da ya kama hannun wata ma'aikaciya bai jira izinin mai duba aiki ba. Dogo ƙanen matar Tsoho ne, Tsoho kuwa ya fi kowa daɗewa a wurin. Ya fara aiki tun masaƙar tana hannun hukuma, lokacin da aka rubuta a bangon ɗakin cin abinci cewa ta ma'aikata ce. Yanzu ta wani attajiri ce da ba su taɓa gani ba. An shafe rubutun da farin fenti, amma in rana ta haska bangon ana iya karanta shi.

Da hutun rana suka taru a ɗakin: ko a ajiye aiki sai an mayar da Dogo, ko a haƙura. Wata mai ɗinki ta kawo kwali, ta ce kowa ya jefa ƙuri'arsa a ɓoye. Tsoho ya miƙe ya ce wannan zaɓen 'yan jari-hujja ne, inda mutum ke sayar da ɗan'uwansa a bayan labule. A zamaninsu hannu ake ɗagawa, kuma bai taɓa ganin hannun da ya rage a ƙasa ba.

"Baba, ai abin da ke ba ni tsoro ke nan," in ji mai ɗinkin.

Aka yi dariya, aka bi Tsoho don furfurarsa.

Ana shirin farawa mai duba aiki ya shigo da kofin shayi, ya jingina da ƙofa. Da aka ce masu goyon bayan Dogo su ɗaga hannu, idon Tsoho ya tafi teburin gaba, inda sakataren jam'iyya mai mulki yake zama a zamanin hukuma. Hannun sakatare ne ke fara tashi, sannan nasu. Yau tulin faranti ne a teburin. Tsoho ya jira wani ya fara, matasa kuma shi suke kallo. Ya tuna shekarunsa, ya tuna ba mai ɗaukar tsoho aiki. Ya bar hannunsa a gwiwa.

Mai ɗinki ta ɗaga nata. Ma'aikaciyar da injin ya kama ta ɗaga nata, naɗe da bandeji. Shi ke nan. Mai duba aiki ya kurɓi shayi ya fita, aka kaɗa ƙararrawa.

Labari ya riga Tsoho isa gida. Matarsa ta ajiye masa abinci, ko kallonsa ba ta yi ba. Dogo na zaune a tabarma. Ya tashi ya ɗauko buta ya durƙusa gabansa kamar kullum.

"Yaya, miƙo hannu."

Tsoho ya miƙa, kansa a sunkuye, Dogo ya zuba masa ruwan.