Kujerun Ɗakin Ummi

Da ruwan sama ne tsagwaronsa ya shiga gidan Murja, da sai a shanya kaya a yi haƙuri. To amma kwatar da ke bayan unguwarsu a Kura ta daɗe a toshe da ɓuntun shinkafa da leda da ruɓaɓɓen tumatir, kowa ya zuba nasa ya juya baya kamar ba shi ba. Ranar da aka wuni ana sheƙa ruwa har kanal ɗin ban-ruwa ya tumbatsa, ruwan ya rasa hanya, ya bi ta shaddar maƙwabta ya kwaso abin da ya kwaso, ya shigo mata ta ƙarƙashin ƙofa. Kuma duk faɗin gidan bai ga wurin kwanciya ba sai ɗakin ƙurya, inda ta tara kayan ɗakin 'yarta Ummi, wadda bikinta ya kusa.

Shekaru Murja ta yi tana turara shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, a bakin wuta, hayaƙi na cin idonta, tana sayen kayan nan ɗaya bayan ɗaya. Akwai katifa da kafet da labule, sai kuma kujerun kushin masu ruwan zuma, waɗanda ko ita ba ta taɓa yarda ta ɗora mazaunanta a kansu ba. Da ruwan ya janye ta leƙa ɗakin, sai da ta fito da gudu ta durƙusa a bakin rariya. Wani baƙin taɓo ne ya kwanta a kan komai, mai yauƙi, ga ƙudaje sun riga sun sami labari.

Abu ɗaya ya hana ta zama ta rusa kuka. Tun bara ƙungiyarsu ta mata masu turara shinkafa ta gayyato masu takaful, inshorar nan da ake yi bisa tsarin Musulunci, suka yi bayanin cewa mutum zai riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa, in gobara ko ambaliya ko ɓarawo ya taɓa kayan cikin gidansa a mayar masa. Murja ta shiga. Mijinta Badamasi ko a jikinsa, shi a wurinsa kayan ɗaki sha'anin mata ne, in dai injin ban-ruwansa na lafiya to duniya lafiya take. Yayarsa Iyatu kuwa dariya ta yi har da riƙe ciki, ta ce ita ba ta taɓa jin adashin da sai masifa ta faɗo ake kwasa ba.

Murja ta buga waya ofishin masu takaful. Aka jajanta mata, aka ce za a turo wanda zai duba, amma ta yi haƙuri don gidajen da ruwa ya ci daga Kura har Bunkure suna da yawa. Sharaɗi ɗaya aka kafa mata, kada ta taɓa komai, ta bar kayan yadda ruwa ya bar su har a zo a gani. Ta ja ƙofar ɗakin ta rufe, ta cusa tsumma a ƙasanta, amma wari bai san tsumma ba. Tuwo ya daina shiga bakinta. Ko ruwa ta kai baki sai ta ji kamar daga ɗakin aka ɗebo shi.

Ana cikin haka Iyatu ta sauka daga Garun Mallam, ta zo jaje. Tun daga zaure ta toshe hanci da mayafi, da ta ji wai da gangan aka bar ƙazantar ana jiran baƙo ya zo ya ɗauki hotonta, sai ta saki salati. Ta zaunar da Murja ta shiga yi mata karatu. Ta ce in dangin ango suka ji cewa kayan amarya sun kwana a cikin ruwan shadda, har jikokin Ummi sai an goranta musu. Ta ce mutanen kirki in abu irin wannan ya same su wankewa suke yi su shanya, su turara, su ja bakinsu su yi shiru, don rufin asiri ya fi kujera. Murja ta ce ta ji, amma ba za a taɓa ba.

Sai dai akwai shinkafar mutane a hannunta, dole washegari ta tafi inji. Da la'asar ta dawo ta tarar da tsakar gida kamar ana jere. Iyatu ta kirawo matan maƙwabta, kuma tsakani da Allah don taimako suka zo, sun fito da kujerun sun dirje su da sabulu da buroshi, rana ta busar da bayansu, an cusa kaskon turaren wuta a ƙarƙashin kowace. Katifa da kafet da labule ne kawai suka tsira, wai sai gobe. Ga ido kujerun sun yi fes. Amma Murja na matsowa ta ji shi, warin na nan a ƙasan ƙamshin, sun cakuɗe sun zama wani abu da ya fi na farko tayar da zuciya. Ta dubi matan suna ta murmushi suna jiran godiya, ta juya ta shige madafa.

Abin da ya ƙara karya ta shi ne Ummi. Yarinyar ta biyo ta madafa, ta ce cikin sanyin murya ita ba komai, in haka Gwaggo ta ga ya fi, za ta zauna da su. Murja ta san ƙarya take yi, don ta ga yadda take kewaye kujerun in za ta wuce.

Wajen tsakar rana washegari mai dubawar ta iso. Mace suka turo saboda shiga cikin gida, wata budurwa mai suna Sumayya, da takalmin roba da waya a hannu. Ta shiga ɗakin ƙurya ba ta ko yamutsa fuska ba, ta ɗauki hoton katifa da kafet da labule, ta ce waɗannan babu magana, za a mayar. Da ta fito tsakar gida ta zagaya kujerun, sai ta tsaya.

"Mama, waɗannan ban ga abin da ya same su ba. Abin da idona ya gani shi zan kai, in na ce sun lalace aka ga hotonsu haka, ba wanda zai yarda."

Iyatu ta washe baki. Don ta tabbatar wa kowa, ta je ta zauna daram a kan babbar kujerar, ta miƙe ƙafa, ta ce ai dama ta faɗa, kujeru lafiyarsu ƙalau, ba mai cewa ba daga shago aka sauke su ba.

Murja ta tsaya tana kallonta. Ta san in ta yi shiru an gama, za a ba ta sabuwar katifa, a kai kujerun nan ɗakin amarya, asiri ya rufu. Ta kuma san in ta farke su aka ƙi biya, to ta rasa duka, Ummi za ta tare a ɗaki babu abin zama, kuma ba ta da sauran shekarun da za ta sake tarawa kafin biki. Amma sai ta hango 'yarta tana zaunar da uwar mijinta a kai, ta hango ta wata rana ta kwantar da jariri a wurin tana ba shi nono. Ta shiga madafa ta fito da wuƙar yankan albasa.

"Yaya, ɗan matsa."

Iyatu ba ta matsa ba, don ba ta zaci da gaske take ba. Murja ta soka wuƙar a gefenta ta ja har ƙasa. Yadin ya dare, soson ciki ya bayyana baƙi ƙirin, ya jiƙe sharkaf. Nauyin Iyatu na danna shi, wani ruwa mai kauri ya tsiyayo ya bi ƙafar kujerar, ƙananan tsutsotsi farare suna motsi a ciki. Warin da ya taso ya kashe turaren nan take. Ummi ta juya da gudu. Sumayya da ta shiga ɗakin ƙurya ba ta nuna komai ba, wannan karon sai da ta ja gyale ta rufe hanci, sannan ta ɗaga waya ta shiga ɗauka. Ta ce a farke sauran ma, duk za su shiga cikin abin da za a mayar, ai don irin wannan ranar ake zubin. Ta ƙara da cewa da an kai su ɗakin amarya a haka, da sai ciwo ya fito da maganar.

Iyatu ta miƙe zumbur. Bayan zaninta ya jiƙe, danshin ya ratso tun tana zaune ba ta ji ba. Ta kama zanin da yatsu biyu ta janye shi daga jikinta, fuskarta a murtuke, tana ta tofar da yawu. Ta ce Murja ta tona musu asiri a gaban baƙuwa, gobe duk Kura sai an ji. Sannan ta ƙwala wa Ummi kira, a kai mata ruwa bayi da sabulu da wani zanin, don azahar ta kusa kuma ita ba za ta iya tsayawa gaban Ubangiji da wannan najasar a jikinta ba.

Murja ta goge wuƙar a jikin kujerar, ta nufi ta biyun.

"Ke ɗan zama kaɗan kika yi a kai, Yaya. Ita yarinyar nan a kai kika so ta rayu."