Awon Bahago

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mijinta, tela ta lura ba ƙafar ce ke cin ransa ba, hannun ne. Ƙafar hagu tana ja, amma da sanda yana kai kansa banɗaki ya dawo. Hannun hagu kuwa ya kwanta a cinyarsa kamar na aro, ga shi saboda wannan hannun ake ce masa Bahago tun yana damben zamani. Da shi ya ciyar da gida, da shi ya saya mata keken ɗinkinta na farko. Yanzu ko kofin shayi ba ya riƙewa.

Likitar motsa gaɓɓai ta ba shi 'yar ƙwallon roba ta ce ya riƙa matsawa safe da yamma. Ta gaya musu gaskiya ba rufa-rufa: hannun da aka bari ya kwanta sandarewa yake yi, in ya sandare kuma sai dai haƙuri. Bahago ya karɓi ƙwallon da ladabi, suna isa gida ya cilla ta bayan kabad. Tela ta zaƙulo ta da tsintsiya, ya sake cillawa. Kullum da safe in tana zura masa riga sai ta ji yatsun sun ƙara dunƙulewa, ta ci gaba da ɓalla maɓallai.

Wata rana tana taka keke, shi yana zaune a baranda, sai ta hangi yatsunsa na dama suna ƙwanƙwasa hannun kujera da wani kiɗa da ta sani. Kiɗan 'yar jakar naushi ne, ƙaramar nan ta fata mai siffar gora da ake ratayewa a ƙarƙashin faifan katako. Da wannan ƙarar ta fara saninsa, don shagon da ta koyi ɗinki bango ɗaya ne da gidan horon 'yan dambe. Ta buga wa likitar waya. Likitar ta ce duk abin da zai sa ya ɗaga hannun alheri ne, amma a zaune, domin in ya faɗi an koma gidan jiya.

"Tsoho, gobe za mu kanti," ta ce masa.

"Sayen me kuma, Rafali?" Haka yake kiranta, wai don ita ce mai tsayar da kowane faɗa a gidan, har wanda ita ta tayar.

Da ta ce masa jakar naushi, sai ya kau da kai. Amma washegari ta same shi ya riga ta shiryawa, ya ɓalla maɓallan rigarsa da hannu ɗaya, a karkace.

Kantin kayan wasanni dogon ɗaki ne mai warin roba. Mai kantin, wani mai tumbi wanda da alama ba a taɓa naushinsa ba a rayuwa, ya kai su lungun da aka kafa faifai iri biyu. Na farko katako ne mai kauri a kan ƙarafa, ana ɗaure shi a bango da notuna, inda aka kafa shi nan zai zauna. Na biyu yana kan dogo, wani ƙarfe da yake zamewa a kai, ana juya wani mariƙi ya hau sama ko ya sauko.

Bahago ya tsaya a gabansu, sai tela ta ga fuskar da ta daɗe ba ta gani ba. Nan take ya mayar da mai kanti ɗalibi.

"Ka ga, ba jakar ake saya ba, faifan ake saya," ya ce. "In ka nausa, sau uku take bugun katako kafin ta dawo maka hannu. In katakon yana rawa, ya cinye ƙarfin, jakar ta dawo a gajiye, kiɗan ya lalace. Tsayi kuma, cikin jakar daidai bakinka. Ba goshi ba, ba ƙirji ba."

"Ai Baba ya fi ni sani," in ji mai kanti, yana murmushin ciniki. Sai ya saci kallon sandar, ya dafa faifai na biyu. "Wannan ne zai dace da kai. Ana saukar da shi ƙasa sosai, ko daga kujera mutum zai yi abinsa."

Tela ta ji kamar ta toshe masa baki da ƙyalle. Da mai kanti ya yi shiru, da an gama.

Bahago ya jingina da bango, ya miƙa mata sandar, ya ɗora tafin damansa a kan faifan mai dogo, ya ce wa mai kanti ya buga. Mutumin ya yi 'yan naushinsa na marasa gwani. Bahago ya girgiza kai.

"Yana rawa. Abin da ake ɗagawa a sauke ba ya taɓa zama daram."

Tela ta sa nata hannun kusa da nasa, ta ce a ƙara bugawa. Faifan bai motsa ba, yana nan kamar teburin da take yanka yadi a kai. Ta dubi mijinta, ya dubi rufin kanti. Ba ta ƙaryata shi ba. Ta san ba katako yake gudu ba, mariƙin nan yake gudu, wanda duk baƙon da ya shigo zai ga an murɗa shi har ƙasa. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta, ta rasa wanda ya fi yawa.

Suka sayi na kafawa. A mota ta yi ta juya abin a ranta. In aka kafa shi a tsayin tsayuwa, ya zama hoto a bango, yana kallonsa kullum, hannun na ci gaba da mutuwa. In ta ce a kafa a tsayin kujera, ta ce masa ke nan ba zai ƙara tsayawa ba, kuma ta san halin kayanta, ko kallon jakar ba zai yi ba. Sai ta tuna matan da ke zuwa mata ɗinki suna karanto awonsu na kafin haihuwar fari. Ba ta taɓa musu da ko ɗaya ba. Tef kawai take zagaya wa mace, ta juyo mata da lambar, ta bar ta ta karanta da idonta.

Washegari da hantsi kafintan da ke maƙwabtaka da su ya zo da injin huda bango da jakar notuna. Ya ƙwanƙwasa bangon baranda ya ce na bulo ne mai ƙwari, zai ɗauka. Ya tambaya ina za a huda.

"Sai an yi awo," in ji tela. Ta ɗauko allin ɗinkinta. "Tashi, Tsoho. Kai ka ce daidai baki."

Ya dogara sanda ya miƙe, ya ɗaga haɓa, ya buɗe ƙirji yadda yake yi a da in za a ɗauke shi hoto. Ta ja layi da shuɗin alli daidai leɓensa. Layin ya yi kyau, ya yi tsayi, har kafinta ya ce ashe Baba dogo ne haka.

"To gwada min naushi ɗaya a nan," ta ce, "in ga ko awon ya yi, kada mu ɓata bango."

Ba ta taɓa faɗin magana mai nauyin wannan da murya mai sauƙi haka ba. Bahago ya dubi layin. Ya dubi hannun damansa, yana riƙe da sanda. Ya dubi na hagun, yana lilo a gefe. Ya ɗan sassauta riƙon sandar, gwiwarsa ta yi rawa, ya sake damƙewa. Kafinta ya duƙa yana tonon jakar notuna kamar wanda ya zubar da allura.

Tela ta ji kamar ita ce ta naushe shi, kuma ta san naushin ya shiga.

Ya koma kujera a hankali, ya ajiye sandar a ƙasa. Gumi ya jiƙa masa wuya.

"Faifan can na kanti," ya ce, bai dube ta ba, "ba ya rawa."

"Na sani."

"Na san kin sani. Shi ya sa aka ce miki Rafali." Ya jawo kujerar kusa da bango da ƙafarsa mai lafiya, ya gyara zama. "Zo ki sake awo."

Ta durƙusa ta ja layi na biyu. Da ta miƙe ta kama bakin zanenta za ta goge na saman, sai ya riƙe mata hannu.

"Bar shi. Bango ne, in lokaci ya yi a sake huda shi."

Kafinta ya huda, ya ɗaure ƙarafan, ya rataye jikinsa a kansu don gwaji, ya maƙala jakar, ya tattara kayansa ya tafi ba tare da ya tsaya shan ruwa ba. Tela ta share garin bulo. Ta ga Bahago ba zai taɓa jakar ba muddin tana wurin, sai ta ce tana da wanke-wanke, ko da yake kwano biyu ne kawai a kicin.

Ta kunna famfo ta tsaya. Can sai ta ji: ta-ta-ta. Hannun dama ne, yana nan da sauran gwanintarsa. Sai shiru, daidai wurin da hagu za ta amsa. Ta-ta-ta, sai shiru. Kiɗan da ta sani tun tana budurwa ne, amma rabi, da rami a tsakiyarsa. Ta ji yana huci, ta ji ya zagi hannun da wata kalma da bai taɓa faɗa a gabanta ba. Ta riƙe bakin wurin wanke-wanken don kada ƙafafunta su kai ta baranda.

Ta-ta-ta. Shiru. Ta-ta-ta. Sai a cikin ramin nan wani ɗan sauti ya fito, taf, guda ɗaya, mara ƙarfi, jakar ko katakon ba ta kai ba.

Tela ta kashe famfo don ta ji da kyau.