Tagwayen Zalɓe

Tun da Likita Onodera ya daina cire haƙora a birnin Kanazawa na ƙasar Japan, sai ya koma tara tsofaffin zanen rataya, irin waɗanda ake naɗewa a adana a akwatin katako. Ba son zanen ne ya dame shi ba. Burinsa ya ga bayan Shirasu, mai gidan giyar shinkafa, wanda ya riga shi shiga harkar kuma kullum sai ya tuna masa.

Wata rana dillali Hagiwara ya kawo masa zanen zalɓe tsaye cikin ruwan sama, aikin wani malamin addinin Buda na zamanin da. Ya rantse da kabarin uwarsa babu na biyunsa a duniya. Likita ya saya, ya rataya, ya gayyaci Shirasu shan shayi.

Shirasu ya durƙusa gaban zanen, ya daɗe yana kallo. Likita na gefe, ransa fes.

"Likita, wa ya ara maka?"

"Aro kamar yaya?"

"Ai ɗazu na baro shi rataye a ɗakina."

Suka naɗe na Likita suka tafi gidan Shirasu, aka jera su. Zalɓe ɗaya, ruwa ɗaya, har tabon ɗigar ruwa a kusurwar hagu iri ɗaya. Kowa ya ce na ɗan uwansa ne jabu, sai da suka gaji suka nufi shagon dillalin.

Hagiwara ya sunkuya musu har goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

"Ranku ya daɗe, malamin nan mutum ne mai son zalɓe."

"Tabon fa?" in ji Likita.

"Ɗaki ɗaya suka kwana, rufinsa na yoyo."

A hanyar dawowa Likita ya yi tunanin kai ƙara, sai ya tuna da ƙungiyarsu ta masu tara zane, inda shi kansa ya sha yi wa waɗanda aka damfara dariya. Ya dubi Shirasu, ya ga shi ma nan tunaninsa ya tsaya.

"Ka san akwai malaman da ke zana abu biyu-biyu," in ji Shirasu a hankali.

"Na sha karantawa," in ji Likita, wanda bai taɓa jin haka ba.

Da kaka suka baje zanen biyu a taron ƙungiya. Likita ya yi dogon jawabi a kan tagwayen zalɓe da ƙaddara ta raba, ta kuma haɗa a gari ɗaya. Ana cikin tafi, wata tsohuwa da mijinta bai daɗe da rasuwa ba ta ɗaga hannu.

"Likita, marigayi ma ya bar irinsa. Har da tabon."

Can baya wasu maza biyu suka sunkuyar da kai.

Likita ya kurɓi shayi, ya gyara zama.

"Uwargida, ki riƙe shi da kyau. Bincike bai ƙare ba."

A ƙarshen shekarar aka zaɓe shi shugaban ƙungiya, babu ko hamayya.